Iqaluit zuwa Nuuk: kilomita nawa ne ta sama?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanena yana aikin jinya a Iqaluit, babban birnin yankin Nunavut a can ƙuryar arewacin Kanada, garin da babu titin motar da ya haɗa shi da wani gari, sai jirgin sama, sai kuma jirgin ruwa idan ƙanƙara ta narke. Yana son ya leƙa Nuuk ta Greenland in ya samu hutu, wai an ce masa tafiyar awa biyu ce kacal. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Na ɗora rula a kan taswirar da ke bangon ɗakin yara, na gwada da ma'aunin da ke ƙasanta, ya ba ni wajen kilomita 1,900, kuma kusan duk teku ne a tsakani. Ƙaramin jirgi mai farfela zai cinye wannan a awa biyu? Don Allah wanda ya sani ya warware mini.

Malam Na-Taswira:
Wa'alaikumussalam Hajiya. Rularki lafiyarta lau, taswirar ce ke kumbura arewa. Irin waɗannan na bango, da yawansu salon Mercator ne na shekarar 1569, kuma ma'aunin da ke ƙasan taswirar a kan layin ikwaita kawai yake daidai. Iqaluit da Nuuk duka suna wajen digiri 64 ne a arewa, inda wannan salon ke buɗa nisa fiye da ninki biyu.

Ga lissafin. Iqaluit tana digiri 68.5 a yamma, Nuuk tana 51.7, tazararsu kusan digiri 17 ke nan. A ikwaita kowane digiri kilomita 111 ne, amma a can arewa layukan da ke auna digirin gabas da yamma sun matso juna, digiri bai wuce kilomita 49 ba. Ki ninka, za ki samu 820 da 'yan kai. In akwai taswira mai siffar ƙwallo a kusa, ki ja zare tsakanin garuruwan biyu, sannan ki kai zaren nan daga Iqaluit zuwa Ottawa, babban birnin Kanada, za ki ga ko rabin hanya bai kai ba, don Ottawa ta ɗara kilomita 2,000.

Baban Yusra:
Malam ya gama magana kan nisa. Amma Yaya, abin da ya kamata ƙaninki ya fi dubawa shi ne ko akwai jirgin a lokacin hutunsa. Kamfanin jiragen sama na Air Greenland ya dawo da zirga-zirga kai tsaye tsakanin garuruwan a watan Yunin 2024, da ƙaramin jirgi mai farfela samfurin Dash 8, sau ɗaya a mako, a lokacin zafi kawai. Kafin nan mutum sai ya gangara kudancin Kanada, ya bi ta Iceland ko Denmark, ya yi kwanaki a hanya don garin da ke tsallaken ruwa. Ya bar kwana ɗaya ko biyu a hannu, hazo da iska suna hana jirage tashi a yankin.

Ummu Sadiq:
Kada tikitin ya rikita shi: agogon Nuuk yana gaba da awa uku, sai ya ga kamar tafiyar awa biyar ce. Sannan in fasfonsa na buƙatar biza, ta Schengen, wato bizar haɗin gwiwar ƙasashen Turai, ba ta shiga Greenland, sai wadda aka rubuta sunan ƙasar a jikinta.

Maman Hanifa:
Allah ya saka da alheri, ya ƙara ilimi. Maganar bizar nan yanzu zan tura masa, tun bai biya kuɗin tikiti ba.