Tashar tana sama amma ba ta sauka gidanka: wa ya taɓa shawo kanta?

Abu Maryam: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman waɗanda suka yi fama da tashoshin da ake killace wa wata ƙasa su faɗa mana abin da ya yi musu aiki. Ina zaune a kudancin Turai. Tashoshin Birtaniya da ke kan tauraron ɗan'adam na Astra da ke digiri 28.2 gabas an ce kyauta ne, babu katin buɗe tasha, amma in na yi sikanin, wato binciken tashoshi a risiba, ko sunansu ba ya fitowa. Wasu kuma a kan tauraron Hotbird sunan yana fitowa, allo baƙi, an rubuta a kulle suke. Wannan ya ce in ƙara girman dish, wancan ya ce in sayi layin intanet mai buɗe tashoshin da aka kulle. Don Allah wanda ya gwada da hannunsa ya yi magana, ban da an ce.

Injiniya Bala: Wa'alaikumus salam. Malam Abu Maryam, cuta biyu ka kawo, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗayar. Na daɗe ina ɗaura dish, yawancin kuɗin da na ga an yi asara a kan rashin bambance su ne. Ta farko, sigina ce ba ta iso ka ba. Tauraron yana can sama da kilomita 35,000 a saitin tsakiyar duniya, yana haska ƙasa kamar tocila: tsakiya haske sosai, gefe dishi-dishi, bayan nan duhu. Masu tasha suna iya zaɓar siririn haske da ya rufe ƙasarsu kawai. Abin da BBC ta yi ke nan a 2003, ta cire makulli ta koma kan tauraron Astra 2D mai siririn haske. Ta biyu kuma sigina ta iso, amma an kulle ta, sai da kati. Ƙaton dish yana iya maganin ta farko idan kana gefen hasken. Ta biyu ko ka ɗaura dish mai girman ɗaki, baƙin allon nan za ka gani.

Garba S.: Na shaida maganar Injiniya. Ina kudancin Sifaniya lokacin da aka mayar da tashoshin Birtaniya kan tauraron Astra 2E a farkon 2014. Mun kwana muna kallo, gari ya waye babu komai. Maƙwabcina Bature ya sa dish na kusan mita uku a bayan gida, ya riƙa samu da rana, da yamma hoto ya fara tsinkewa, wato daidai lokacin da mutum yake son zama ya kalla. Ni ganin haka ban ma fara ba. Waɗanda ke arewacin Faransa kuwa cewa suka yi tasu siginar ƙaruwa ta yi.

Injiniya Bala: Haka gefen haske yake, Malam Garba, sigina tana hawa da sauka cikin yini. Idan ka ninka faɗin dish sau biyu, abin da yake tattarowa yana ninkuwa sau huɗu, amma sifili ko sau nawa ka ninka shi sifili ne. Ga kuma ruwan sama: tashoshin da ke kan zangon sigina na Ku da an yi hadari mai nauyi suke ɗaukewa, na zangon C sun fi juriya amma suna son babban faranti. Kuma tauraron da ya yi nisa gabas ko yamma har ya faɗa ƙasan sararin da kake gani, wannan a manta da shi.

Ɗanladi: To ni layin na saya, bari in ba da nawa. Wani ne a intanet ya sayar min, ka sa lambobi a risiba, ka haɗa ta da intanet, tashoshin da ke kulle su buɗe. Abin da ke faruwa shi ne wani yana da kati na gaskiya a wani wuri, yana rarraba mabuɗinsa ga ɗaruruwan mutane. Mabuɗin kuwa yana canzawa duk bayan 'yan daƙiƙoƙi, saboda haka da intanet ya yi jinkiri hoto ya daskare. Ranar babban wasa, da kowa ya hau, nan ne abin yake ƙwacewa. Ana bugun fanareti hoto ya tsaya, sai ihun maƙwabta ya gaya maka sakamako. Daga baya tashoshin suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, domin kamfanoni sun fara aurar da kati da dikodarsa, ba ya aiki a wata na'urar. Na biya kuɗin shekara, mutumin ya ɓace tun ba a je ko'ina ba. Wa zan kai wa ƙara?

Umman Khalil: Ɗanladi, ai ba inda za ka kai, tunda abin da ka saya na sata ne, a ƙasashe da yawa har mai saye doka tana iya hawa kansa. Ka tuna tashar beoutQ da ta fito a 2017 tana satar wasannin beIN? A 2019 ta ɗauke daga tauraro, waɗanda suka sayi akwatinta suka zauna da shi. Ni hanyar da na bi ta fi sauƙi. A Italiya muke, kuma wasu shirye-shiryen Rai, gidan talabijin na ƙasar, a kan Hotbird, musamman ƙwallo da fina-finai, akan kulle su saboda haƙƙin nunawa na cikin ƙasa ne kawai. Muka ɗauki katin Tivùsat mai buɗe tashoshin Italiya, wanda aka fara a 2009, babu kuɗin wata, amma sai da lambar haraji ta Italiya ake kunna shi. Mai zama a ƙasar ba shi da matsala. Wanda ya tsallaka da shi wata ƙasa, katin ba ya sanin inda yake, amma ya saɓa sharaɗin da ya amince da shi.

Lauya Mustapha: Hajiya ta taɓo inda gizo ke saƙa. Ba mugunta ce ke sa a killace tasha ba, ciniki ne: mai gasa ko mai fim yana sayar da haƙƙin nunawa ƙasa-ƙasa, wanda ya saya kuma ya yi alƙawarin ba zai bari ya zuba wa maƙwabta ba. An taɓa kai wannan gaban kotu. Karen Murphy, mai gidan shaye-shaye a Portsmouth ta Ingila, ta yi amfani da katin kamfanin talabijin Nova na Girka tana nuna gasar Firimiya. A Oktoban 2011 Kotun Tarayyar Turai ta ce hana sayen kati daga wata ƙasar Tarayyar ya saɓa wa 'yancin kasuwa. Sai dai mutane suna yanke labarin a nan. Kotun ta kuma ce tambari da taken gasar suna da haƙƙin mallaka, nuna su ga jama'a sai da izini. Kuma katin nata na gaskiya ne, biya take yi. Hukuncin bai halatta irin layin Ɗanladi ba, bai kuma shafi wanda ke wajen Tarayyar ba.

Sadiya: Ni na bar dish na koma kallo a manhajar tashar ta intanet da VPN, wato abin da ke nuna kamar kana wata ƙasa. Yana yi, sai ranar da suka gane adireshin suka toshe, ka sake neman wani. Kuma a lura, VPN ba ruwansa da abin da ke saukowa ta dish, na ga masu zaton zai buɗe musu tashar tauraro.

Garba S.: Abin da ya fi min amfani a ƙarshe bai kai duk wannan wahala ba. Wasan da aka kulle a wata tasha, sau da yawa wata ƙasar tana nuna shi a buɗe. ARD da ZDF na Jamus a buɗe suke a kan Astra 19.2, ga tashoshin Larabawa birjik a taurarin Nilesat da Badr. Sharhin ne ba za ka ji ba, ni kuwa ƙwallon nake kallo.

Abu Maryam: Allah ya saka da alheri. Injiniya, dish ɗina santimita 80 ne. Zan iya haɗa Hotbird da Astra 19.2 a kansa, ko sai na sayi na biyu?

Injiniya Bala: Zai ɗauka. Tazararsu digiri shida ce da 'yan kai, akwai LNB, wato na'urar da ke gaban dish tana karɓar sigina, mai kai biyu da aka ƙera don su. Ka saita dish a kan wanda ya fi rauni a wajenka, ka shiga saitin DiSEqC, wato na zaɓen tauraro, a risiba ka ba kowane tauraro lambarsa, sannan ka sake sikanin. Na 28.2 kuwa kada ka sayi ƙarfe tukuna. Ka duba taswirar haskensa, ka nemi wani kusa da kai da yake kama shi, ka je da yamma ka gani da idonka.