Wata Bakwai Ina Ɗora Kaya, Mabiya Sun Ƙi Wuce Ɗari Huɗu

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan zaure, ya sanyi? Don Allah shawara nake nema. Wata bakwai ke nan da na buɗe shafi a Facebook ina tallar wankakkiyar acca da dankalin Turawa da kayan lambu, ina aika wa mutanen Abuja da Kaduna daga nan Jos. Kullum sai na ɗora hoto, wata rana har sau uku, amma mabiya sun tsaya cak a 412. Jiya wani yaro ya ce in ba shi dubu 15 ya kawo min mabiya dubu biyar cikin kwana biyu. In bayar ko in haƙura?

Sadiya Gangare: Wa'alaikumus salam. Kar ki bayar Anti.

Malam Habu: Kar ki soma.

Bashir Mai Gyaran Waya: Hajiya waɗannan ba mutane ba ne, asusun bogi ne da ake buɗewa da yawa a ajiye. Ba sa karatu, ba sa tsokaci, balle su sayi mudu ɗaya. Kuma abin da kika ɗora ba duk mabiya ake nuna wa ba tashi ɗaya. Idan waɗanda suka fara gani sun tsaya a kai sun yi magana, sai a ƙara tura shi gaba. To idan dubu biyar ɗin nan suka yi shiru, sai su danne ɗari huɗunki na gaskiya. Ga shi kuma ya saɓa dokar dandalin, ana iya share su rana ɗaya.

Hajiya Mai Atamfa: Maman Ilham, ƙanwata, ki ba ni aron kunnenki, don ni na ga abin da ya ishe ni a harkar nan. Shekara huɗu ina gina shafina, atamfa da leshi da mayafai, sai da na tara mabiya sama da dubu 18, babu ko ɗaya da na saya. Ran wata Laraba da yamma ina tsaye a bakin murhu ina tuƙa tuwo, saƙo ya shigo, da tambarin kamfani da komai, wai na ɗora hoton da ba nawa ba, za a rufe shafin cikin awa 24 idan ban tabbatar da ni ce mai shi ba. Gabana ya faɗi. Hannuna duk gari na danna abin da suka turo, na rubuta kalmar sirrina. Ba a yi minti biyar ba wani ya kira da Turanci mai daɗi, ya ce in karanto masa lambobi shida da suka shigo wayata. Wallahi na karanto masa, har da godiya. Na ajiye wayar a kan taga na ci gaba da kwashe tuwo.

Kafin a idar da Isha'i an fitar da ni daga shafina. Washegari mutumin ya fara bin kwastomomina ɗaya bayan ɗaya da sunana, wai an yi ragi a leshi, a tura kuɗi wani asusun banki daban. Mata uku suka tura. Ɗaya baiwar Allah ce daga Bauchi da take haɗa lefen ɗanta, ta kira ni tana kuka, ni ma ina kuka. Sai da na sayar da zobena na mayar mata da kuɗinta, don da sunana aka cuce ta, kuma ni zan tsaya gaban Allah da wannan sunan.

Abin da ya tsamo ni kuwa wani littafi ne mai baƙin bango. 'Yata ce ta saba duk wadda ta sayi kaya sai ta rubuta sunanta da lambarta da garinsu, ni har faɗa nake mata wai ɓata lokaci ne. Da muka ƙirga, mutum 300 da 'yan kai. Kwana uku muna kiransu muna ba da haƙuri muna gargaɗinsu. Kafin wata biyu ciniki ya dawo kusan yadda yake, alhali sabon shafina ko mabiya dubu bai kai ba. Ashe duk shekarun nan mutum ɗari ukun nan ne suke ciyar da gidana. Don haka ni tambayar da zan miki, cikin 412 ɗin nan nawa ne suka taɓa saya, kuma kina da lambarsu a wani wuri da ba cikin waya ba?

Sadiya Gangare: Innalillahi. Allah ya mayar da alheri Hajiya.

Malam Habu: Allah ya isar miki.

Anti Rabi: Ashe abin da ya faru ke nan lokacin da kika ɓace mana. Sannu Yaya.

Bashir Mai Gyaran Waya: Jama'a kowa ya kunna tabbatarwa mataki biyu a Facebook da WhatsApp yau ɗin nan. Kuma lambobin nan shida, ko ni na kira ku kar ku ba ni. Wanda bai iya ba ya biyo shago in saita masa, ba sai ya biya ba.

Nura Rikkos: Maganar Hajiya gaskiya ce, duk gidan haya muke zaune. Ku tuna ranar 4 ga Oktoba 2021 da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke wajen awa shida. Twitter kuma gwamnati ta dakatar da ita daga Yunin 2021 har Janairun 2022. Amma Anti ki koma TikTok, can ne ko ba ki da mabiyi ɗaya bidiyonki zai iya isa ga mutum dubu goma.

Malam Habu: Matar aure za ka tura TikTok? Nura ka ji tsoron Allah.

Nura Rikkos: Malam ai ba rawa na ce ta yi ba. Malamai nawa ne ake sa karatunsu a can?

Malam Habu: Na san abin da nake gani a wayar yarana.

Sadiya Gangare: Malam da girmanka, abin da mutum ya saba tsayawa a kai shi ake ƙara kawo masa. Ni shekara biyu ina ɗora cincin da dubulan, hannuna kawai ake gani da kasko. Ko muryata ba na sawa sai maigida ya ji tukuna.

Malam Habu: To yarana kike cewa sun lalace ke nan?

Sadiya Gangare: Subhanallah, ban ce ba Malam. Ka yi haƙuri.

Shugaban Zaure: A bar maganar nan haka. Kowa ya san gidansa. A koma kan tambayar Maman Ilham.

Anti Rabi: Ni dai na leƙa shafin naki yanzu 'yar uwa, kar ki ji haushi. Hoton buhu ne, hoton buhu, hoton buhu, sai farashi da lambar waya. Wa zai tsaya kallon buhu? Duk wadda ta taɓa dafa acca ta san tsoronta ɗaya ne, tsakuwa da yashi. To ki nuna mana wankin. Ki jingina waya a jikin turmi, a ga ƙwarya biyu, a ga yadda kike rairaya, a ga yashin da ya kwanta a ƙasan ƙwarya ki ɗebo shi a tafin hannu ki nuna. Daƙiƙa talatin ta isa. Matar da ke Gwarinpa ko Kubwa a Abuja ta tashi daga ofis a gajiye, wannan yashin ta gani za ta biya ki, don ta san wahalar da kika ɗauke mata. Sannan ki je kasuwar Farin Gada da sassafe lokacin da ake sauke kabeji da karas da koren wake, ga hazo ga mutane cikin rigunan sanyi. 'Yan Jos da aiki ya kai Abuja kewar gida ce take cinsu, su da kansu za su yaɗa miki.

Maman Ilham: Ban ji haushi ba wallahi Anti Rabi, na gode. Kunyar muryata nake ji ne.

Anti Rabi: Ki yi magana kamar kina yi wa maƙwabciyarki bayani. Na farko ne mai wuya.

Ɗanladi Bokkos: Kuma ki rubuta cewa dankalin na Bokkos ne, kasuwa ta buɗe.

Isa Mangu: Ga shi nan ya fara. Duk maganar da aka ɗauko sai ka sako Bokkos.

Ɗanladi Bokkos: Kawu ka kawo naku a soya a gani.

Isa Mangu: Ranar Juma'a ka zo kasuwar Mangu ka ga motocin da ke lodi, sai mu yi magana.

Malama Zainab: Ni roƙona rubutu. A daina "slm", "ngd", "dan Allah kuxo". Mai saye yana auna tsabtar kayanki da tsabtar rubutunki. Akwai ƙ da ɗ da ɓ a allon rubutun waya idan kin ƙara Hausa cikin harsunan. Kuma tunda Abuja kike aikawa, ki ƙara layi ɗaya da Turanci a ƙasa, ba duk masu cin acca ne ke karanta Hausa ba.

Nura Rikkos: Malama an fara darasi.

Malama Zainab: Kai ma jiya "kasa" ka rubuta kana nufin ƙasa, Nura.

Auwalu Bukuru: Ni tambayata daban ce, yaya ake yi YouTube ta fara biyan mutum?

Bashir Mai Gyaran Waya: Don samun kuɗin talla sai ka tara masu rajista 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Kuma ba a turo maka sai kuɗin ya taru ya kai dala 100. Ka lissafa datar da za ka ƙona kafin nan, tunda a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari.

Auwalu Bukuru: Tabɗi. Ashe da sauran tafiya.

Hajiya Mai Atamfa: Auwalu ɗana ka riƙe ɗinkinka, ka riƙa nuna shi. Kuɗin hula ɗaya da riga ya fi saurin zuwa.

Sadiya Gangare: Anti Maman Ilham, abin da ya fi yi min aiki shi ne sitatus na WhatsApp. Duk wadda ta saya sai in ce ta adana lambata, ni ma in adana tata, don sai an yi haka take gani. Yana ɓacewa bayan awa 24, shi ya sa nake sa uku ko huɗu kawai, safe da bayan Magariba. Saƙon bai ɗaya kuma mutum 256 yake ɗauka, shi ma sai wanda ya adana lambarki zai samu. Amma kar ki jefa mutane cikin zaure ba da izininsu ba, ni kaina fita nake yi.

Anti Rabi: Kuma idan kaya sun isa lafiya ki nemi izinin mai kayan ki ɗora saƙon godiyarta, ki rufe suna da lamba.

Maman Ilham: Na duba wayata da littafin bashi, waɗanda suka taɓa saya 61 ne, 23 sun dawo fiye da sau ɗaya. Na fara kwafe lambobin a littafin Ilham na makaranta. Yaron kuma na ce masa a'a, sai dai ɗan maƙwabciyarmu ne, tun ɗazu uwar ba ta amsa gaisuwata ba. To tallan da ake biyan Facebook ɗin kai tsaye fa, shi yana da amfani?

Isa Mangu: Wai nawa mudun accar ne yanzu? Wankakkiyar.

Malama Zainab: Ni ma a ajiye min mudu uku, zan aika wa ƙanwata a Lugbe.

Ɗanladi Bokkos: Wace mota kike sa wa kaya? Direban da nake ba wa ya kwana da buhunana a Akwanga makon jiya, sai da rana ta yi suka shiga Keffi, rabin tumatirin ya yi ruwa.

Auwalu Bukuru: Ina da wani mai tashi ƙarfe biyar na asuba, zan turo maka lambarsa ta gefe.

Malam Habu: Sadiya, ya wuce. A kawo wa gidana dubulan na dubu biyu ranar Asabar, akwai suna.

Sadiya Gangare: To Malam, Allah ya raya. Mace ko namiji?

Shugaban Zaure: Masu kuɗin adashen wannan mako, mutum huɗu ba su zuba ba. Gobe da Azahar za a kwashe.