Neman kalma: me za mu kira "disruptive innovation" a rediyo?

Mai gabatar da shiri:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ranar Alhamis da safe za mu naɗi shirin matasa da sana'a a gidan rediyonmu a nan Kaduna, kuma duk jawabin baƙon a kan "disruptive innovation" yake. Ya yarda zai yi Hausa zalla, da sharaɗin ni zan nemo masa wannan kalmar. Masu sauraronmu 'yan Kasuwar Barci ne da maƙeran Panteka da mata masu sana'a a cikin gida, ba zan jefa musu Turanci ba. A takardarsa ya sa "ƙirƙira mai tarwatsawa", ni kuwa a kunnena kamar labarin tashin bam. Ku agaza.

Mai fassara, Unguwar Rimi:
Wa alaikumus salam. Cire tarwatsawa. "Sabuwar fasaha mai juya kasuwa", ko a taƙaice "juyin kasuwa", bisa awon juyin mulki.

Mai POS, Kawo:
Rusau kawai. Ƙirƙirar rusau.

Mai fassara, Unguwar Rimi:
Ƙanena, ka ce rusau a rediyon Kaduna, kowa katafila zai hango a ƙofar shagonsa. Ba wanda zai saurari sauran bayanin.

Malamin tattalin arziki:
Kafin a raɗa suna a duba jaririn. Clayton Christensen na jami'ar Harvard a Amurka ne ya fito da maganar, a wata maƙala da suka rubuta da Joseph Bower a 1995, ya faɗaɗa ta a littafinsa na 1997. Kuma ba kowane sabon abu mai ƙarfi yake nufi ba. Yana nufin abin da ke shigowa kasuwa da rauni da araha, ya kama mutanen da manyan kamfanoni ba su damu da su ba, ko waɗanda da can ba su iya saye kwata-kwata. Manyan su gani su kau da kai, don ribar ba ta kai a tashi tsaye ba. Shi kuma yana ta gyaruwa har ya hau inda suke.

Misalin da ya yawaita bayarwa, 'yan Panteka za su gane shi nan take: ƙananan masana'antun da ke narka tsofaffin ƙarafa a Amurka. Da rodi suka fara, mafi arahar kayan ƙarfe. Manyan suka sakar musu rodin da murna. Daga rodi suka matsa gaba, mataki mataki, har suka kai ga fallen ƙarfe. Haka Kodak, kamfanin fim ɗin ɗaukar hoto: injiniyansu Steven Sasson ne ya haɗa kyamarar dijital a 1975, hoto ɗaya baƙi da fari sai ya ci daƙiƙa 23 kafin ya sauka a kaset. Wa zai bar cinikin fim saboda wannan? A Janairun 2012 kamfanin ya je kotu neman kariyar fatara. To duk kalmar da ba ta ɗauko farawa daga ƙasa ba, ta bar rabin kayan a tasha.

Tsohon malamin Hausa, Tudun Wada:
Madalla da wannan bayani. Ai magabatanmu sun gama aikin tun kafin a haifi Baturen: ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Kalmar ita ce ɗan-haki. Ƙirƙirar ɗan-haki. Raini yana ciki, ƙanƙanta tana ciki, ɓarnar ƙarshe tana ciki. Ɗiyata, rubuta wannan ki huta.

Mai gabatar da shiri:
Allah ya ƙara girma, Baba, ta yi mini daɗi. Amma in baƙon zai ce POS ya yi wa bankuna abin, wane aikatau zai kama?

Tsohon malamin Hausa, Tudun Wada:
Tsone. POS ya tsone wa bankuna ido.

Mai fassara, Unguwar Rimi:
Allah ya gafarta Malam, nan ne gizo ke saƙar. In aka ce wane ya tsone wa wane ido, mai sauraro hassada zai ji, ko kishi. Ba zai ji an ƙwace ciniki ba. Kuma in labari ya zo cewa wata fasaha za ta yi wa harkar sufuri haka, ba zan iya rubuta "za ta ɗan-hake sufuri" ba.

Tsohon malamin Hausa, Tudun Wada:
Taka fa? Fasaha Larabci ce. Juyin kasuwa kuwa Turanci ne aka sa wa hula. Kun saba ɗauko jimlar Bature ku jera mata kalmominmu ku ce fassara. Da haka harshe ke mutuwa yana tsaye.

Mai fassara, Unguwar Rimi:
Littafi da alƙalamin da kuka koyar da mu da su ma daga Larabci suka zo, ranka ya daɗe, ba wanda ya kore su. Juya kuwa tamu ce gadan-gadan, daga waina har akala.

Bakano mai shadda, Kasuwar Barci:
Ni abin da ya ɗaure mini kai, wai a Kaduna ake zaman raɗa wa Hausa kalma. Garin da ake cewa "motan ya lalace". Ku aika Kano a ba ku amsa.

Mai POS, Kawo:
Alhaji, shekara nawa kana cin abinci a garin nan?

Tsohon malamin Hausa, Tudun Wada:
Alhaji, wannan magana ba ta dace ba. Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya aka fara buga ta a 1939. Rediyon Kaduna tun 1962 yake watsa Hausa, har Nijar da Kamaru da Gana aka riƙa kama shi. Kalmomin mulki da siyasa da yawa da kuke faɗa a Kantin Kwari, daga bakin ma'aikatan gidan nan iyayenku suka fara jin su. Karin Kano aka ɗauka ma'aunin rubutu, mun sani, amma ba a ba ku harshen jingina ba.

Bakano mai shadda, Kasuwar Barci:
Ma'aikatan nan nawa ne haifaffun Kaduna, Malam?

'Yar Sakkwato mai turaren wuta:
Ku duka biyun ku yi haƙuri, in tsohuwar Hausa aka nema mu aka tambaya.

Mai gabatar da shiri:
Don Allah iyayena, Alhamis fa jibi ce.

Tsohon ma'aikacin masaƙa, Kakuri:
Ɗiyata, ni ba masanin kalma ba ne, amma abin nan a jikinmu ya sauka. Tun 1957 aka fara saƙa a Kakuri. Lokacin da muke aiki, in an busa tashi kekuna ne ke cika titi har ba a ganin kwalta, masu abinci na jiran mu a bakin ƙofa da kwanukan bashi sai ƙarshen wata. Yau ciyawa ce a harabar. Duk kalmar da za ku zaɓa, kada ta zama ta murna zalla. In matasa sun ji kasuwa ta juya su tafa, su sani akwai wanda ta juya a kansa.

Malamin tattalin arziki:
Baba, maganarka abin riƙewa ce. Sai dai abin da ya kashe masaƙunmu galibi rashin wuta ne, da tsadar baƙin mai, da tsofaffin injuna, da atamfar fasa-ƙwauri. Ba shi ne ainihin abin da Christensen ke nufi ba, kuma wannan ne tsorona da "juyin kasuwa": komai zai shige cikinta, har karyewar naira. Misalin gida da ya fi kusa shi ne wayar salula. Kafin 2001 layukan NITEL, kamfanin tarho na gwamnati, a duk Najeriya ba su kai rabin miliyan ba. Da MTN da Econet suka fara a Agustan 2001, kira naira 50 ne minti ɗaya, muryar ma tana yankewa. Mai tarho a ofis bai ga abin tsoro ba. Amma wanda bai taɓa mallakar layi ba ya samu lema da benci a bakin titi, ya biya ya kira ɗan'uwansa a Legas. Da Glo ta kawo lissafin daƙiƙa a 2003, waya ta yi araha, masu lemar su ma aka tashe su.

Mai POS, Kawo:
Yayana lema ya yi a Kawo. Teburin nasa ne ma nake ɗora na'ura a kai yanzu, fentin kamfanin waya bai gama gogewa ba. Da muka fara, tsofaffin da ke tsoron layin banki ne ke zuwa cirar dubu biyu, dubu uku. Sai ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, da aka sauya fasalin naira, ya sa har manajoji ke tsayawa a gabana. Na janye rusau. Amma ni "ture-gwani" ta fi zauna mini, kamar ɓata-gari ko share-fage.

Tsohon malamin Hausa, Tudun Wada:
Ginin kalmar daidai ne, yaro, aikatau da suna. Amma gwani a ƙasar nan mahaddacin Alƙur'ani ne. Ba za a ture shi a rediyo ba.

Mai fassara, Unguwar Rimi:
To a haɗa: "ƙirƙira mai juya kasuwa daga ƙasa". A faɗe ta cikakkiya sau ɗaya, daga nan a riƙa cewa "mai juya kasuwa". Aikatau ya samu: ta juya kasuwar hoto, za ta juya kasuwar sufuri. Na cire fasaha saboda Malam.

Malamin tattalin arziki:
In "daga ƙasa" ba za ta ɓace a hanya ba, na yarda. Na san dai za ta ɓace.

Mai gabatar da shiri:
Na ɗauka. Zan buɗe da "ƙirƙira mai juya kasuwa daga ƙasa", baƙon ya yi bayani da karin maganar Baba, sannan in tambaye shi makomar waɗanda kasuwar ke juyawa a kansu, kamar yadda Baban Kakuri ya ce. Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci.

Tsohon malamin Hausa, Tudun Wada:
Wannan ba kalma ba ce, jimla ce mai kalmomi shida. Ki yi aikinki da ita tunda lokaci ya ƙure. Ni ɗan-haki zan ci gaba da koya wa duk wanda ya tambaye ni. Kuma ki gaya wa baƙon ya faɗi karin maganar cikakkiya, kada ya yanke ta a tsakiya.

Bakano mai shadda, Kasuwar Barci:
Ƙarfe nawa ake sa shirin? Zan saurara in ji ko "kasuwar" zai ce ko "kasuwan".