Neman kalma: me za mu kira etimoloji da ƙanwarta?

1/ Jama'a, ina da cigiya. Ina haɗa darasi kan sunayen allolin Girkawan dā, sai na maƙale a kalma ɗaya: etimoloji. "Ma'anar suna" ba ta yi ba, domin ma'ana daban, inda kalma ta taso daban. "Asali" kuma ta yi faɗi, komai ma yana da asali.

2/ Ni dai salsala na ɗauka. Daga silsilar Larabci take, wato sarƙa, kuma aikin ke nan: bin zobe bayan zobe. Ɗauki Zeus, babban allan Girkawa. Sunansa da Dyaus na Sanskirit (tsohon harshen Indiya) da farkon sunan Jupiter na Romawa duk tsatso ɗaya ne, mai nufin sararin sama mai haske. Ba kama ce ta kunne kawai ba, an bi yadda sautuka suke sauyawa daga harshe zuwa harshe har aka haɗa su. Wannan salsalar kalma ce tsaf.

3/ Ƙanwar ce ta hana ni barci, wato asalin da mutane suke laƙa wa kalma don kawai ta yi musu kama da wata. Wajen shekara 700 kafin Miladiyya, mawaƙi Hesiyod ya ce an kira Afrodita, allahiyar soyayya, haka ne saboda ta fito daga kumfar teku, kumfa kuwa afros ce a Girkanci. Daɗin ji, amma yawancin masana a yau ba su yarda ba, suna ganin sunan baƙo ne a harshen, wataƙila daga gabas ya shigo. Haka jaruman matan nan Amazon: Girkawa suka raba sunan biyu, a da mazos, "babu nono", har labari ya bazu cewa suna cire na dama don ya daina tare musu baka. Sunan ne ya haifi labarin. A zanen tukwanensu kuwa matan lafiyarsu lau.

4/ Mu ma mun iya wannan sana'a. Wa bai taɓa jin cewa Bayajida "ba ya ji da" ba ne, wai don bai iya Hausa ba da ya iso Daura?

5/ Wani malami ya ba ni "shaci-faɗi". Allah ya ƙara sani, Malam, amma ta yi tsauri. Hesiyod ba ƙaga magana ya yi daga iska ba, kunnensa ne ya ji afros a cikin sunan, ya bi ta. "Salsalar baka" kuma za ta rikice da adabin baka, alhali wannan a rubuce ta iso mana.

6/ Don haka a darasina zan rubuta salsalar kalma, ƙanwar kuma salsalar kunne.

7/ Saura Edifus, wani sarki a tatsuniyoyin Girkawa, wanda aka huda wa idon sawu yana jariri. Sunansa "kumburarriyar ƙafa" ne, kuma kalmomin biyu Girkanci ne na gaske. Shi dai na ajiye shi a ɓangaren salsalar kalma, amma da fensir.