Juna biyu da shan Nescafé: ya zan rage?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Cikina wata huɗu, a Jos nake, kun dai san sanyin garin nan da asuba. Na saba shan Nescafé kofi uku kullum. A wajen awo aka ce kada kafeyin, wato sinadarin da ke cikinsa mai hana barci, ya wuce miligiram 200 a rana, kusan kofi biyu ke nan. Na daina gaba ɗaya, sai kai ya riƙa sara min, kwana uku ko girki ban iya ba. Na koma Lipton, ashe shi ma yana da shi. Ga surukata kullum sai ta miƙo min goro, wai maganin tashin zuciya, kunya ta hana ni ƙi. Goron ma yana cikin lissafin? Waɗanda suka rage a hankali, don Allah ya kuka yi?