Me za mu kira "mentoring" da zaman gyaran koyarwa tsakanin malamai?

Malaman kwaleji da jami'a na Katsina da Daura, ga wata magana. Takardun ofis sun cika da "mentoring" da "peer learning group", mu kuma a baki sai mu ce "mentarin" mu wuce. Ina ganin muna da kalmominmu, zaɓe ne kawai ba mu yi ba.

Kafin suna, a san abin. Abu biyu ne ake cusawa a buhu ɗaya. Akwai babban malami ya ja ƙarami a jiki, ya nuna masa yadda ake tsara lacca, yadda ake fitar da tambayoyin jarrabawa, yadda ake duba aikin ɗalibi. Akwai kuma malamai su haɗu su kaɗai, ba babba ba yaro, su tattauna abin da ke damunsu a aji.

Na biyun yana da tsari sananne a Amurka. Wani malami mai suna Milton Cox ya fara shi a Jami'ar Miami ta jihar Ohio a 1979: malamai 8 zuwa 12 daga sassa daban-daban, suna zama a kai a kai har shekara guda. Wani rukunin na sababbin malamai ne, wani kuma batu ɗaya ne ya haɗa su, kamar yadda za a koyar da aji mai cunkoso. Ba mai ba wani maki, ba a kai rahoton kowa wurin shugaban sashe. Wannan sharaɗin shi ne ginshiƙin abin, kuma da shi nake auna kowace kalma.

Horo ya faɗi tun nan. Horo yana da manhaja da jarrabawa da takardar shaida, irin na Kwalejin Horon Malamai ta Katsina da aka kafa a 1921. Ga shi kuma ana cewa an hori yaro idan ya yi laifi. Jagoranci na 'yan siyasa ne da shugabannin ƙungiya. Ubangida kuwa, Allah ya kiyaye! Da ka ce wa sabon lakcara an ba shi ubangida, abin da zai ji shi ne ɗaukar jaka da duba takardun jarrabawar oga kyauta.

Wani dattijon malami ya ce mini: "Ɗana, me ya hana ka ce kamun hannu? Ba haka ake koya wa yaro rubutu a allo ba?" Na ce, Allah ya gafarta malam, ma'ana ta yi, sai dai kunne zai kai shi kusa da kamun ƙafa, kuma a harkar ƙarin girma ba a son wannan maƙwabtaka. Ya yi dariya ya bar maganar.

Ga abu na farko, wato babba ya ja ƙarami a jiki, ni dai a kan raino na tsaya. Ba ƙirƙira ba ce, muna faɗa kullum: wane rainon Malam Aminu Kano ne, wance rainon gidan malamai ce. Ba wanda ya taɓa jin haka ya ɗauka ana maganar goyo. Sai mu ce rainon aiki, ko rainon malamai. Matsalar tana wurin sunan mai yi, domin "mai raino" yarinyar da ke riƙe jariri yake kawowa a zuciya. Shawarata a bar neman suna, a yi da aikatau yadda muka saba: Farfesa ce ke rainonsa, Dakta ne ya raine ni.

Raino yana ɗauke da wani abu da takardar ofis ba ta da shi, wato a hankali. Wata mai bincike, Jean Lave, ta yi nazarin telolin ƙabilun Vai da Gola a Laberiya, ta ga yaron shago da guga da sa maɓalli yake farawa, sannan ɗinki, yanka yadi shi ne na ƙarshe. Daga irin wannan ne ita da abokin bincikenta Etienne Wenger suka fito da ra'ayinsu na koyo a cikin jama'ar masu sana'a a 1991. Mu kuwa ranar da mutum ya kama aiki ake miƙa masa almakashi: ga kwas, ga ɗaki maƙil da 'yan aji ɗaya, je ka.

Na biyun, wato zaman malamai su kaɗai, shi ne ya fi ba ni wahala. Darasu ya burge ni, zaman da gardawa ke kawo alluna a duba musu rubutu, amma akwai alaramma a sama mai gyarawa. Majalisa ta hira ce da shayi. Zaure kuma na mai gida ne, shi ke kan buzu.

Muzakara ita ce ta cika sharaɗin. Duk wanda ya yi karatun littattafai a cikin birni ya san ta: an tashi daga gaban malam, ɗalibai su koma gefe su maimaita wa juna, wanda ya gane ya tuna wa wanda ya manta, gobe a juya. Ginin kalmar ma a Larabci na yin abu tsakanin juna ne. Don haka na ce muzakarar koyarwa, rukunin kuma halƙar muzakara.

Wata malama ta ce kalmar ta yi ƙamshin makarantar zaure, malamin kimiyyar sinadarai ba zai ji tasa ba ce. Hajiya, darasi ma daga can ya fito, haka jarrabawa, haka malam ɗin kansa, kuma ba wanda ya ƙi su a ɗakin gwaje-gwaje.

Ku gwada a jimla ku ji: "Sashenmu ya buɗe halƙar muzakara ranar Laraba bayan la'asar, sababbin malamai kuma kowa an haɗa shi da wanda zai raine shi." Mutanen Daura da Dutsin-Ma, in akwai kalmar da kuke amfani da ita a sassanku wadda ta fi waɗannan zama a baki, ku kawo ta.