Ciwon dasashi da farin da ke fitowa a baki: shawarwarin da aka tattara

A wata tattaunawa kan ciwon dasashi da farin da ke fitowa a baki, galibin waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun yarda cewa idan dasashi yana jini wajen goge baki, ko haƙori ya soma girgiɗi, a fara da likitan haƙori na kusa. Shi zai auna ramin da ke tsakanin haƙori da dasashi. Milimita 1 zuwa 3 lafiya ce. Idan ya zarce haka sosai, sai ya tura mutum wurin ƙwararren likitan dasashi. Irinsu an fi samunsu a asibitocin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano.

An fi daɗewa a kan farin da ke lulluɓe harshe da cikin kumatu kamar dunƙulen nono. Ƙwayar Kandida, wani nau'in fungus, ce ke kawo shi, kuma takan samu dama bayan shan antibayotik, ko ga masu ciwon suga, masu haƙoran roba, jarirai, da masu shaƙar maganin asma mai sitiroid. Waɗannan na ƙarshe su riƙa kurkure baki bayan kowace shaƙa.

Likita kan rubuta nistatin na ruwa, sau 4 a rana, a riƙe shi a baki kafin a haɗiye, tsawon kwana 7 zuwa 14. Kada a daina don farin ya ɓace. Mai shan wafarin (maganin hana jini daskarewa) ya sanar da likita kafin ya taɓa mikonazol ko fulukonazol, wasu magungunan Kandida, domin haɗuwarsu na jawo zubar jini.

Abin da ya fi damuna shi ne masu kankare farin da asuwaki har ya yi jini. Idan yana yawan dawowa, a je a gwada suga da cutar HIV.